Taɓaryar Mahamud Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokawa a Damagaram ya san Mahamud, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri da ke tsugune a bakin fili da kyamara mai dogon baki, wani ƙyallen saƙi ya ratsa ƙirjinsa, kansa a ɗan karkace gefe ɗaya kamar kazar da ta hango shaho. Mutane suna tsammanin salon aiki ne. Ba wani salo, wuyan ne ya ƙi komawa daidai, kuma ni Ladi na san lokacin da abin ya fara, don ni ce na fara yi masa dariya.

Kada wani ya ce na raina babba, ina da ikon yin dariyar. Taubashina ne. Babana da mahaifiyarsa, Gwaggo Fanta, ciki ɗaya suka fito a can Dogo. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne halak malak, ko da yake in ka tambaye shi zai rantse maka lissafin a juye yake. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ya haura hamsin, amma ban taɓa ce masa yaya ba kuma ba ni da niyya. Sana'ata kitso da lalle, tasa hoto, don haka gidajen biki ɗaya muke zagayawa. Ni in wuni ina gyara amarya, shi ya zo da la'asar ya danna ɗan yatsa, ya kwashe yabon ya tafi.

A Dogo aka haife shi, shi ne ɗan farin Gwaggo. Kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi, da ya yi wayo aka kawo shi Birni wajen wani ƙanin babansa don ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Lakwal ba ta karɓe shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Sai ya manne wa wani mai hoto a Zango, yana share masa shago, yana riƙe masa baƙin ƙyalle a bayan masu hoton katin ɗan ƙasa, har ya iya wanke hoto a ɗakin duhu. Da ya fara cin gashin kansa, babu bikin da ake yi daga Birni har Garin Malam ba a kira shi ba. Akwai gidajen da in ka shiga za ka ga hoton auren uwa da na auren 'yarta a bango ɗaya, duk aikinsa ne.

Sai waya ta zo ta kashe kasuwa. Kowace ƙawar amarya ta zama mai hoto, har da masu yanke wa ango kai. Abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma kabu-kabu, wani ya buɗe butik. Shi kuwa Mahamud ya tafi Kano ya dawo da wani dogon gilashi da ake ɗaura wa kyamara a baki, fari, mai kauri, wanda ke jawo abin da ke nesa ya kawo maka shi gaban hanci. Shi yana kiransa objektif, yana murɗa baki kamar malamin lakwal. Mu a gida taɓarya muke ce mata, don ranar da na fara ɗaga ta sai da na tambaye shi ina turmin.

Taɓaryar nan ita ta cece shi, wannan ba na musu. A filin kokawa ba a barin kowa ya matso, mai waya sai dai ya ɗauko mutane biyu ƙanana can nesa, ba a gane wane ne wane. Mahamud kuwa daga bakin fili zai ɗauko maka gumin da ke goshin ɗan kokawa, da layun da ke damtsensa, da yadda idonsa ya fito lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa. 'Yan kokawa suka riƙa binsa har shago, kowa yana son hoton kayen da ya yi ya rataya a ɗaki, ya aika wa 'yan garinsu. Daga Tirmini, daga Zermu, daga Mirya, duk suna zuwa. Ya sake zama mutum, har tafiyarsa ta canza.

Matsalar ita ce yadda yake rataya ta. Akwai wani ɗan siririn maratayi da ya zo da kyamarar, mai sunan kamfani da manyan haruffa, shi yake zurawa a wuya, kyamara da taɓarya suna lilo a ƙirjinsa daga hantsi har faɗuwar rana. In ka ce masa ya sauke ya huta, sai ya ce mai hoto a ƙirji ake gane shi. Wai in ya rataya ta a gefe za a ɗauka mai tallan maganin basir ne. Ni da nake riƙe kawunan mutane kullum na san wuya ba a yi shi don dako ba, na kuma gaya masa. Ya ce in tsaya a kan kitsona.

Da farko ciwo ne kawai, yana tashi da safe yana juya jiki gaba ɗaya in an kira shi. Ina ce masa jirgin dankaro, yana ce min baiwa ba ta da bakin magana. Sannan yatsu biyu na hannun damansa suka fara mutuwa, su yi sanyi, su daina jin komai na ɗan lokaci, sannan su farfaɗo. Bai gaya wa kowa ba. Ranar da asiri ya tonu, Garba na Tirmini ne ya ɗaga wani ƙato sama ya nana shi da ƙasa, irin kayen da ake shekara ana labarinsa. Fili ya ruɗe, makaɗa suka haukace. Mahamud yana tsugune a daidai wurin da ya dace, ido a kyamara, amma yatsan ya ƙi dannawa. Washegari Garba ya zo shago da kansa, da mutanensa a bayansa, don ya karɓi hoton. Mahamud ya ce masa rana ce ta shiga gilashin. Matarsa Ramlatu ce ta gaya min gaskiya, ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Aka shiga magani irin namu. Wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, aka shafa man zafi har ƙudaje suka daina shiga ɗakin, aka sha rubutu. Daga ƙarshe Ramlatu ta tasa shi gaba zuwa gidan likita, aka yi masa hoton ƙashi. Ta ce da lokotoro ya ɗaga hoton yana nuna masa inda ƙasusuwan wuyan suka matse jijiya, bawan nawa ba ya ma saurare, cewa yake hoton bai sami haske ba. Lokotoro bai yi dariya ba. Ya ce masa magana ɗaya ce, ko ya raba nauyin nan da wuyansa, ko ya ajiye kyamara, in ba haka ba wata rana yatsun za su mutu ba su farfaɗo ba.

Mahamud ya dawo gida ya yanke wa kansa hukunci, kuma shi in ya faɗi abu ko zai kashe shi sai ya yi. Bayan kaka akwai kokawar da ake yi a Dogo, kafin a shiga manyan wasanni na birni. Ya ce a nan zai gwada. In yatsan ya sake cin amanarsa a gaban mutanen garinsu, zai sayar da taɓarya ga wani mai shagon hoto a Sabon Gari da ya daɗe yana zawarcinta, shi ke nan ya gama. Na tambaye shi to sai ya yi me. Ya ce sai ya zauna a benci a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Na yi dariya a gabansa, amma wallahi tsoro ne ya kama ni, don ban san wane ne Mahamud ba in babu kyamara, kuma na tabbata shi ma bai sani ba.

Daga nan aka shiga neman maratayi, kuma a nan ne na ga iyakar taurin kan ɗan'adam.

Wajen Malam Modu baduku ya fara zuwa, a Birni. Kun san mutanen Damagaram da fata, ba ma yarda akwai abin da fata ba za ta gyara ba. Malam Modu ya so ya yi masa mai faɗi, marar ado. Mahamud ya ce a'a, ai shi ba jaki ba ne da za a yi masa majayi. Ya zaɓi jar fata, aka murɗa ta kamar hamilar takobi, aka yi mata ado da kore, aka saka tuntaye suna reto, har da sunansa a jiki. Kyau kam ya yi kyau, ban isa in hana ba. Ranar da ya fara sa shi a wani suna, mutane suka bar jariri suna ɗaukar maratayin da wayoyinsu. Kafin la'asar murɗaɗɗiyar fatar ta yi masa shata a ƙeya, gumi ya jiƙa ta, jan rinin ya zubo a kan farar shaddarsa. Da ya shigo gida Ramlatu ta ɗora hannu a ka, ta ɗauka yanka shi aka yi.

Na biyu wani makanike ne ya ba shi shawara, ya yanko masa santir na wata matacciyar mota, wannan bel ɗin da direba ke ɗaurawa. Faɗi akwai, ƙarfi akwai, ko raƙumi zai ja. Sai dai santsi gare shi, kuma gefensa kaifi ne, ga warin baƙin mai da ya ƙi fita ko da an wanke. Amarya guda ta toshe hanci a hotonta saboda shi. Mahamud ya daure, har ranar da ya sunkuya zai gyara wa wani yaro hula, cikinsa ya danna jan maɓallin nan, abin ya buɗe kamar yadda aka yi shi ya buɗe. Da gwiwa ya tare taɓarya, ya yi kwanaki yana ɗingishi.

Sai ya koma wa tsohon maratayinsa, ya yayyanko soson katifa ya naɗa masa, Ramlatu ta ɗinke da ƙyallen atamfa. Wannan ni na raɗa masa suna akumari, sunan kuma ya bi shi har masallaci. Laushi kam akwai, amma a zafin Damagaram soso a wuya ai sai ƙuraje. Kuma nauyin yana nan inda yake, a wuya, an dai yi masa shimfiɗa ne kawai.

Har aike ya yi Kano aka kawo masa wata baƙar riga mai ɗamaru da ƙugiyoyi, wadda aka ce ita manyan masu hoto ke sawa. Sau ɗaya ya sa ta. Yana shiga gidan biki tsofaffi suka fara salati, wata ta ja ango ɗaki ta rufe, sun ɗauka jandarma ne ya zo kama shi. Ya dawo ya cusa ta ƙarƙashin gado, ya ce ko kyauta ba ya so.

Ana cikin haka wata rana ina yi wa Ramlatu kitso a tsakar gidansu, shi yana zaune a tabarma ya baje maratayansa yana kallo kamar mai zaman makoki. 'Yar maƙwabtansu ta shigo aron turmi da ɗanta a baya, wani ɓulɓul da shi, ta tsaya nan ta hau daka. Na nuna masa ita da tsinken kitso. Na ce ya duba, yaron nan ya fi taɓaryarsa nauyi, tun asuba yake bayanta, ta yi shara da shi, ta ɗebo ruwa da shi, ga ta tana daka, kuma wuyanta a miƙe. Na ce ya nemi majanyi ya goya kyamarar kawai a huta. Ramlatu ta yi dariya har kitson ya kwance. Shi kuwa ya tattara kayansa ya shige ɗaki. A wasan taubasai ba a fushi, amma ranar ya yi, ya daɗe ba ya amsa sallamata sai da hanci.

Ba a jima ba aka kira ni Dogo kitson wata amarya, na sauka wajen Gwaggo. To, sai na yi muku bayanin Gwaggo Fanta. Mutuniyar da ce, irin waɗanda ke riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tunda ta haifi Mahamud ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In dole ta kama sai ta ce wancan na birni. In ya zo gaishe ta, daga nesa yake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana kallon awaki. In tana da saƙo gare shi, ko yana zaune a wurin, wani za ta gaya wa ya gaya masa. Shi ma Gwaggo yake ce mata, yadda ya ji yayyena suna faɗi. Ya ɗauki hoton rabin Damagaram, amma da ya ɗaga kyamara wajenta sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙannensa Nasiru da Hasana kuwa har kan cinyarta suke kwanciya da girmansu. Mu duk mun saba, ba wanda ya taɓa ganin abin a matsayin wani abu.

Ranar Gwaggo tana ɓarar gyaɗa na zauna ina ba ta labarin maratayai, ina ƙara gishiri don ta yi dariya. Na ba ta na jar fata, na ba ta na akumari, na ba ta na majanyi da fushin da ya yi. Da na zo kan maganar lokotoro da hukuncin da ya yanke wa kansa, sai na ga hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Can sai ta tambaye ni ko an sami ruwan famfo a unguwarmu kwanan nan, muka shiga wata hira.

Sai da na yafa mayafi zan tafi tasha ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan tsohon adudunta. Ta fito da wani abu a naɗe cikin tsumma, ta miƙo min tana kallon gefe. Na warware. Majanyi ne na saƙi, baƙi da fari, mai faɗi, mai kauri, irin wanda yanzu ko a Kasuwar Dole ba ka samu. Sai ƙanshin kanumfari da daɗewar ajiya yake, amma ko alamar an taɓa ɗaura shi babu.

Na ce na Nasiru ne ko na Hasana. Ta ce nasu sun daɗe da zama tsumma.

"Da cikin wancan na kaɗa zaren," in ji ta. "Ni na kai wa masaƙi da kaina. Da aka haife shi, sai a kawo min shi ɗaki in ba shi nono, a ɗauke. In goya shi mutane suna gani? Ina. Ana yaye shi kuma uwar mijina ta tafi da shi."

Na ce to me ya hana ta goya sauran da shi, ga shi sabo.

"Ba nasu ba ne."

Ta koma kan gyaɗarta, ta ce kada in ce ita ta ba ni. Na ce Gwaggo, wa zai yarda a hanya na tsinta? Ta ce in tafi kada mota ta bar ni. Na shiga mota na kamo hanyar Damagaram. Tausayinta ya cika ni, da nasa, har da haushin kaina da na shekara da shekaru ina shiga gidan ban taɓa tunanin akwai abin da ke cikin adudun nan ba.

Na so in kai masa da tsiya, in ce ga majanyin da na yi masa alkawari. Da na isa sai na kasa. Na ajiye masa a cinya, na faɗa masa yadda ta faɗa min, ban ƙara ko kalma ba. Ya daɗe yana shafa saƙar da babban yatsa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya tashi ya zagaya bayan ɗaki, da ya dawo idonsa ja wur, ya ce hayaƙin murhun Ramlatu ne. Ramlatu kuwa ko wuta ba ta hura ba.

Washegari ya koma wajen Malam Modu, wannan karon ba maganar tuntaye. Sharaɗi ɗaya ya kafa, almakashi ba zai taɓa majanyin ba. Malam Modu ya ninke bakunan ya kama su da fata mai laushi, ya sa zobban ƙarfe, ya ɗaura a ƙafar taɓaryar kanta maimakon jikin kyamara, don a nan nauyin yake. Mutumin da ya ce mai hoto a ƙirji ake gane shi ya zura majanyi ta kafaɗar hagu, ya ratsa bayansa, kyamara ta sauka a ƙugunsa na dama, daidai inda mai maganin basir ke rataya jakarsa. Na buɗe baki zan tuna masa, Ramlatu ta taka min ƙafa.

Sauƙi ya samu, amma ba duka ba. In ya yi 'yar tafiya sai majanyin ya tattare ya zama igiya, ya gangaro ya koma gindin wuya, inda ciwon yake. Ya gyara, ya sake gangarowa. Haka muka tafi Dogo ranar kokawa, yana gyarawa a mota, fuskarsa ba daɗi.

Muka fara biyawa gida gaisuwa. Gwaggo tana tsakar gida ta shanya gyaɗa a tabarma. Ya tsuguna can nesa inda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa wa awaki. Amma na ga idonta ya saci kallon kafaɗarsa, ya koma, ya sake dawowa.

"Ladi," ta ce, "wa ya ɗaura masa wannan haka kamar igiyar guga? Ki ce masa a buɗe shi ake yi."

Na ce ya ji. Na je na kama ina ja nan, ina ja can. Ni hannuna na gashi ne, kuma 'ya'yana da majanyin kanti na goya su, mai igiya. Na gyara gaba, baya ya tattare. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce min in kauce.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta tako har inda yake tsugune, ta zagaya ta bayansa. Mahamud ya sandare, ko numfashi ban ga yana yi ba. Ta kama majanyin ta buɗe faɗinsa gaba ɗaya, ta janye shi daga gindin wuya ta shimfiɗa a kan ƙwallon kafaɗa, ta bi shi da tafin hannu ta bayansa tana lallashe shi har ya kwanta lif. Tsawon da ya yi saura, wanda Malam Modu ya ninke don an hana shi yankewa, ta zaro shi ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata, ta ja, ta soke a gaba yadda mata ke yi. Ta ɗan girgiza ta ji ya zauna. Sannan ta bubbuga bayansa sau biyu da tafin hannu, irin bugun da ake yi wa yaro in an gama ɗaure goyo. Ina jin hannun ne ya yi da kansa, don ita ma sai da ta ɗan tsaya.

Ba ta kalli fuskarsa ba. Ta juya ta ce min mu tafi, mun tsaya mata a kan gyaɗa.

A fili kuwa ba a raga masa ba, garinsu ne, kowa abokin wasansa ne. Tun daga bakin hanya ake tambayarsa yaushe aka yi suna ba a gayyace su ba, wani ya ce mace ce ko namiji, wata tsohuwa ta ce a kawo ta ga jikanta. Mutumin da ya yi fushi da ni saboda kalmar majanyi sai murmushi yake yana cewa a yi masa addu'a Allah ya raya. Ya sami wurinsa a bakin fili ya tsuguna.

Ni ban kalli kokawar nan ba, ko ɗaya. Ina cikin mata ina kallon hannun damansa. Aka fara da yara, aka shiga samari, rana ta karkata, yana ɗaga taɓarya yana saukewa, majanyi bai motsa daga inda aka ajiye shi ba. Duk lokacin da ya sauke hannu ya yarfa sai gabana ya faɗi. Can wajen ƙarshe aka kira Garba na Tirmini, makaɗa suka canza kiɗa, ya shigo yana taku da layunsa. Suka sunkuya shi da abokin karonsa, suka daɗe suna zagaya juna suna ɗibar ƙasa. Sai kawai na ji fili ya ɗauki ihu. Ban ga kayen ba. Abin da na gani shi ne yatsan Mahamud yana dannawa, yana dannawa, yana dannawa.

Da ƙura ta lafa ya miƙe, ya duba bayan kyamara, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya nemo ni da ido cikin taron mata, ya ɗaga hannun dama sama ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na yi guɗa ni kaɗai, matan Tirmini suka ɗauka don Garba nake yi, suka taya ni.

Ana shirin kiran magariba muka komo gida, yana bayana. Gwaggo tana tsaye a bakin zaure, abin da ba ta yi, wai akuya take nema, alhali ga awakin can duk a ɗaure. Ta tambaye ni ko an tashi, na ce an tashi. Ta tambayi wanda ya yi kaye, na ce Garba. Ta gyara mayafi, ta dubi hanya, ta dubi ƙasa.

"Wancan fa?"

"Ya tsaya har ƙarshe, Gwaggo. Ba zai sayar ba."

Ta ce to. Ta juya za ta shiga, na ga ta kai gefen mayafi ido. Sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ki ce masa in za a wanke kada a dirje shi a dutse. Saƙar ta tsufa."

Na buɗe baki zan isar da saƙo yadda aka saba, sai na ji muryarsa ta bayana, ƙasa ƙasa, ya riga ni.

"To, Gwaggo. Ni zan wanke da kaina."